Kafin a kwance karburato, a bi sawun mai

A ƙauyuka da yawa na ƙasar Madawa, da Ƙonni, da Tasawa, mota guda ce ke ɗaukar kowa da komi. Ita ke kai albasa da tumatir kasuwa. Ita ke kawo taki da siminti. Ita ake tadawa da tsakar dare in haihuwa ta zo da gardama. Ran da ta tsaya, ba mai ita kaɗai ke asara ba, gari ne duka.

Cikin motocin da suka daɗe suna wannan aiki akwai Peugeot 404, wadda aka fara ƙerawa a Faransa a 1960, da ƙanwarta 504 da ta fito a 1968. Daga 1975 aka shiga harhaɗa Peugeot a Kaduna. Motoci ne masu ƙarfi. 404 ta ci babban tseren Safari na gabashin Afirka har sau 4: a 1963, da 1966, da 1967, da 1968. Amma ko motar tsere ce, in mai bai iso injinta daidai ba, jaki ya fi ta.

Mafi yawan waɗannan tsofaffin motoci masu shan isansi, wato man fetur, da karburato suke aiki. Wasu na ce masa kafireto. Shi ne ƙarfen da ke gauraya mai da iska kafin su shiga inji. Tun farkon shekarun 1990 masu ƙera motoci a Turai suka daina sa shi. Amma yana nan cikin tsofaffin motoci, da babura da yawa, da injin ban ruwa na garka, da ƙaramin injin wuta. Saboda haka abin da ya faru da wani manomi zai amfani mutane da yawa.

Yadda ciwon ya fara

Manomin nan ɗan wani ƙauye ne a arewacin Madawa. Ya sayi 504 mai buɗaɗɗen baya, irin wadda ake kira bashe. Ta hannu ce. Bijimai biyu da kuɗin albasar shekara guda suka tafi cikinta. Shi bai iya tuƙi ba, sai ya danƙa ta ga ɗan ƙanwarsa, saurayi mai parmi.

Rani guda motar ta yi aiki lafiya lau. Da damina ta sauka, ruwa ya yanke hanyar ƙauyen. Aka shigar da ita ƙarƙashin rumfa, ta yi wata uku ba a tada ta ba. Da kaka ta fito, amma gajeren zuwa take yi, daga gona zuwa rumbu. Ba ta nuna komi ba.

Da sanyi ya shigo, tumatir ya nuna. Aka cika tanki fal, aka loda kwanduna tun da asuba. Rabi nasa ne, rabi na maƙwabta. Cikin masu kayan akwai wata tsohuwa mai riƙon jikoki uku. Kwanduna biyu gare ta, su ne duk abin da garkarta ta ba da.

Sun hau gudro, sun yi kamar kilomita 15, sai mota ta fara shessheƙa. Direba ya taka mai, ta ƙi. Ta mutu a gefen hanya. Suka yi ta murza kile a banza. Da suka gaji suka zauna. Bayan kamar minti 15 direba ya sake gwadawa, sai ta tashi kamar ba ita ba. Suka ƙara gaba kaɗan, ta sake mutuwa.

Wani yaro mai gyaran babur ya zo da turnabis, ya murɗa wata ƙusa a jikin karburato, ya karɓi ladansa. Bai canza komi ba. Sai bayan azahar suka isa kasuwa. Masu saye da yawa sun riga sun loda sun tafi. Tumatir ba hatsi ba ne, ba ya jiran gobe. Aka sayar da shi yadda aka samu.

A cikin gari wani mai sayar da kayan mota ya ce karburaton ne ya mutu. Manomin ya sayar da tumaki biyu, ya sayi wani, aka ɗaura. Kasuwa ta zagayo, aka sake lodi, mota ta sake mutuwa kusan wurin da ta mutu da farko. A ƙauye aka fara magana. Wasu suka ce baki ne. Wasu suka ce an sayar masa da gawa. Maƙwabta suka fara neman amalanke. Abin da ya fi ci masa rai shi ne tsohuwar nan ba ta ce masa komi ba.

Tambaya kafin turnabis

Daga nan aka ba shi labarin wani tsohon makaniki a Madawa. Da suka isa garejinsa, tsohon bai buɗe kapo ba. Ya ba su tabarma da ruwa, ya juya ga direba.

"Ɗana, in tana tsaye wuri guda tana aiki a hankali, tana mutuwa?"

"A'a, Baba. Sai mun yi tafiya."

"Da zafin rana kaɗai take yi, ko har da asuba?"

"Har da asuba, cikin sanyi."

"Baƙin hayaƙi fa?"

"Babu."

"In tanki ya cika, da in ya yi rabi, yaushe ta fi saurin tsayawa?"

Direba ya yi shiru, sannan ya ce: "Kawu, ka tuna? Ran da muka cika ta fal ta fi saurin mutuwa."

Tsohon ya tambayi wata nawa ta yi a ajiye, aka gaya masa. Sai ya dubi manomin.

"Malam, kana kiwo?"

"Ina yi, Baba."

"In ka kai shanu rijiya ka tarar kwami ba ruwa, kwamin za ka fasa?"

"A'a. Sai in duba rijiya, in duba igiya, in duba wasaki."

"To, kai sabon kwami ka saya da tumakinka biyu."

Rijiya, wasaki da kwami

Maganar tsohon gaskiya ce. Tanki shi ne rijiya. Daga tanki akwai tiyo da ke bi ta ƙarƙashin mota. A kan hanyarsa akwai filtir, wato matatar da ke tare ƙasa da tsatsa. Gaba da ita akwai pampo, shi ne wasaki. Cikinsa akwai wata fatar roba mai hawa da sauka kamar zuga-zugin maƙeri. Inji ne ke motsa ta, ita kuwa tana jawo mai tana tura shi sama.

A jikin karburato akwai ɗan kasko inda mai ke taruwa. Shi ne kwami. Cikin kaskon akwai wani abu mara nauyi da ke yawo bisa mai, kamar gora bisa ruwa. In kasko ya cika, ƴar gorar nan ta taso, ta tura wata allura ta toshe ƙofa. In mai ya ragu, ta sauka, ƙofa ta buɗe. Daga kasko mai yana bi ta wata ƴar ƙusa mai rami kamar kafar allura. Makanikai na ce mata jiklar. Iskar da inji ke zuƙa ita ke jan man ta wannan rami, ta watsa shi kamar feshi.

Inji ya fi shan iska bisa ga mai. A ma'auni, kilo 1 na isansi yana bukatar iska kusan kilo 15. Wato lita 1 ta isansi tana bukatar iska wajen lita 9000, cikin tano 45 ke nan, irin mai ɗaukar lita 200. In mai ya yi yawa, inji ya shaƙe. In ya yi kaɗan, inji ya ji ƙishirwa.

Mota mai aiki a tsaye kaɗan take sha. Mota mai lodi, a guje ko a hawa, da yawa take sha. In tana aiki lafiya a tsaye amma ta mutu a tafiya, ke nan kasko yana ƙarewa kafin a cika shi. Laifin yana baya, tsakanin rijiya da kwami. Ita kuwa ƙusar da yaron nan ya murɗa, aikinta daidaita mai lokacin da inji ke aiki a hankali, ba a taka shi ba. Ba ta da magani ga motar da ke mutuwa a guje.

Abin da aka tarar

Tsohon ya fara cire buji guda, don ya tabbata wuta na zuwa. Wuta tana nan. Bakin bujin kuwa fari-fari ne, alamar ƙarancin mai. Ya ce a cika tanki, ya shiga gaba, aka kama hanya. Ba a yi nisa ba mota ta yi halinta.

Ya sauka, ya kira su bayan mota. Ya ce su yi shiru su kasa kunne. Ya murɗe murfin tanki a hankali. Sai suka ji "fuuu", iska tana rugawa ciki. Ya ce direba ya tada. Pampo ya cika kasko, mota ta tashi. Ya bar murfin sako-sako, suka yi tafiya mai nisa, ba ta ko yi tari ba.

Kowa ya san gwangwanin madara. In aka huda shi wuri guda, madara ba ta zuba sosai. Sai an yi huda ta biyu, iska ta shiga, sannan ta zubo. Tanki ma haka yake. Duk litar da pampo ya ja, dole iska ta shiga ta maye wurinta. Wani tanki ta ƙaramin rami a murfi yake numfashi, wani ta siririn tiyo da ke kusa da bakinsa. In hanyar ta toshe, pampo zai yi ta ja har ya kasa. In mota ta huta, iska ta sulale ciki kaɗan-kaɗan, shi ya sa take tashi bayan minti 15. In tanki ya cika fal, wurin iska kaɗan ne a cikinsa, shi ya sa take saurin mutuwa.

Da suka koma gareji, tsohon ya shiga ƙarƙashin mota, ya ciro siririn tiyon nan. Bakinsa cike da busasshen laka. Zanzaro ne ya yi gini a ciki lokacin da motar ke kwance a rumfa da damina. Ya fasa lakan da tsinke, ya hura, ya mayar.

Manomin ya riƙe lakan a tafin hannunsa ya daɗe yana kallo. Bai kai ƙwayar gujiya ba. Shi ne ya ci tumaki biyu da lodi biyu na tumatir.

Sauran hanyar mai

Tsohon ya ce tunda an zo, a bi hanyar har ƙarshe, yaro ya gani da idonsa.

Suka fara da man kansa. Ya ɗebo daga gindin tanki ya zuba a farar kwalba, ya ajiye. Jim kaɗan sai ga ruwa ya kwanta a ƙasa, da jar tsatsa. Ruwa ya fi isansi nauyi. Lita 1 ta ruwa kilo 1 ce, ta isansi kuwa wajen giram 750. Don haka ruwa kullum ƙasa yake kwanciya, a tano, a tanki, da cikin kaskon karburato. Wanda ya sayi man gindin tano yakan sayi ruwa da ƙasa. Tsumma mai tsabta a bakin mazurari yana tare ƙasa, amma ba ya tare ruwa. Kwalba ce ke tona asirin ruwa.

Sai tiyo. Tsohon ya lanƙwasa kowane na roba yana duban tsagewa. Tiyon da ke tsakanin tanki da pampo yana da ha'inci. In ya tsage, sau da yawa ba ya ɗiga, iska yake zuƙa. Pampo sai ya riƙa kawo kumfa maimakon mai.

Sai filtir. Da aka cire shi aka karkata, jan ruwa ya zubo. Aka sa sabo. Kuɗinsa bai kai na kaza ba.

Sai pampo. Tsohon ya cire ƙaramar wayar bobin don kada wuta ta yi tartsatsi. Ya zare tiyon da ke shiga karburato, ya sa bakinsa a kwalba, ya ce a murza kile. Mai ya riƙa fitowa da ƙarfi, tsartuwa bayan tsartuwa. Pampo lafiya lau. Da a ce ɗiga yake yi, da an san fatarsa ta gaji. Ya kuma zaro sandar awon man inji ya shinshina. In fatar pampo ta yage, isansi yakan zuba cikin man inji. Man sai ya ƙaru, ya tsinke, ya yi warin isansi. Wanda ya ci gaba da tafiya haka, inji zai kashe.

Sai a ƙarshe aka zo ga karburato. Aka zubar da ruwan da ke kasko, aka cire jiklar aka hura ta da iskar pampon taya. Tsohon ya ce kada a taɓa zura mata waya ko allura. Ramin a aune yake. In ya ƙara faɗi ko kaɗan, mota za ta riƙa shan mai har abada. Ya karɓi tsohon karburaton da aka cire, ya duba, ya ce ba abin da ya same shi.

Abin da manomin ya rubuta

Manomin ya yi karatun yaƙi da jahilci, kuma yana yawo da ɗan littafi a aljihu. Ya ce: "Baba, maimaita mini, in rubuta." Ga abin da ya rubuta.

1. In mota ta mutu a tafiya, ta huta ta tashi: a buɗe murfin tanki a saurara. In ba nan ba ne, a duba filtir da pampo.

2. In da zafin rana kaɗai take yi, kamar a Afrilu da Mayu lokacin da zafi ke wuce digiri 40: mai ne ke zama tururi cikin tiyo, pampo kuwa ba ya iya tura tururi. A buɗe kapo, a ɗora jiƙaƙƙen tsumma bisa pampo, a jira. Daga baya a nisanta tiyo da bututun hayaƙi.

3. In tana baƙin hayaƙi, tana warin isansi, buji ya yi baƙi kamar gindin tukunya: mai ya yi yawa. A fara duba matatar iska, don ƙurar hunturu tana toshe ta. Sannan a duba ƴar gora ko ta huje, da allura ko datti ya hana ta rufewa.

4. In tana atishawa ta karburato, ba ƙarfi, inji na zafi, buji fari: mai ya yi kaɗan, ko iska na shiga ta inda bai kamata ba.

5. In tana tari bayan an sha sabon mai: a zuba man a kwalba a duba.

6. A fara da abu mai araha kafin mai tsada. A canza abu guda, a gwada, sannan a taɓa na biyu.

Tsohon ya ƙara masa da gargaɗi, ya ce wannan ya fi sauran. Isansi ba abokin wasa ba ne, tururinsa ma yana kama wuta. Ba a gyara kusa da taba, ko murhun shayi, ko fitilar kwai. Ba a zuƙar mai da baki, don in ya shiga huhu yana iya kisa. Ba a zuba mai a bakin karburato ana murza kile, don wuta na iya dawowa ta kama fuska. Ba a ɗora bido bisa rufin mota a ja tiyo zuwa inji, ga mutane a baya. Kuma ba a tafiya kullum da murfin tanki a sako. Gwaji ne kawai, ba gyara ba.

Bayan gyara

An mayar da tsohon karburato wurinsa. Wanda aka saya, an sake sayar da shi, aka samu kuɗin tunkiya guda. Manomin bai sayi tunkiya da su ba. Ya kai wa tsohuwar nan cikon kuɗin kwandunanta. Ta ce ba laifinsa ba ne, ƙaddara ce. Ya ce: "Inna, amana kika ba ni." Ta karɓa, ta sa masa albarka. Da kasuwa ta zagayo, kwandonta ne aka fara lodawa, na sauran maƙwabta suka biyo baya.

Ga duk mai mota, ko babur, ko injin ban ruwa da zai ajiye shi da damina, ga abin da ya kamata. In inji yana da makullin mai, a rufe shi, a bar inji ya yi aiki har ya shanye abin da ke kasko. Man da ya daɗe a kasko yana bushewa ya bar danƙo, danƙon ya toshe jiklar. Mota kuwa a riƙa tada ta ko sau ɗaya a mako. A ɗaura ɗan ƙyallen gidan sauro a bakin tiyon numfashi. Iska za ta wuce, zanzaro ba zai shiga ba.

In kuma ciwo ya zo, kada a yi gaggawar sayar da dabba. A lura da lokacin da inji ke mutuwa, da launin hayaƙi, da launin buji. Wanda ya iya rubutu ya rubuta, ya kai wa makaniki. Makanikin da ya fara da tambaya ya fi wanda ya fara da turnabis. Mai tambaya ba ya ɓata.